Cin Abinci a Gidajen Abincin Iyali na Malesiya: Tambayoyi da Amsoshi

Kowace shekara mutanenmu na tafiya Malesiya. Wasu malaman jami'a ne da ke neman digiri na biyu ko na uku a jami'o'i irin su UPM da ke Serdang, ko UTM a Skudai, ko USM a Penang, ko UUM a Sintok, ko Jami'ar Musulunci ta Ƙasa da Ƙasa da ke Gombak. Wasu kasuwanci ya kai su, wasu neman magani. Abin da ke damuna shi ne yadda da yawa ke shafe watanni tsakanin taliyar leda a ɗaki da soyayyiyar kazar manyan kamfanoni, alhali a ƙasan benen da suke haya akwai dattijuwar da ta tashi tun kafin asuba tana dafa abincin da ya fi waɗannan daɗi, ya fi su araha. Tsoro ne ke hana su shiga: tsoron haram, tsoron yare, tsoron kunya. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda sababbin zuwa suka fi yi.

Wane irin wuri ake nufi da gidan abincin iyali a can?

Ba iri ɗaya ba ne, kuma sanin bambancinsu shi ne rabin aikin.

Akwai na Malayawa, waɗanda ake kira warung ko gerai ko kedai makan. Wani rumfar kwano ce a bakin titi, wani shago ne a ƙasan bene, wani kuwa harabar gidan masu shi ce aka jera wa tebura da kujerun roba. Uwa ce a bakin tukunya, uba na haɗa shayi, 'ya na karɓar kuɗi, ɗa na kwashe kwanuka idan ya dawo daga makaranta.

Akwai mamak, na Indiyawa Musulmi, yawanci 'yan asalin yankin Tamil. Waɗannan sun fi girma, da yawansu ba sa rufewa dare da rana, kuma nan matasa ke taruwa kallon ƙwallon Ingila har tsakar dare. Wasu sun zama manyan kamfanoni masu rassa, amma tushensu gado ne na iyali. Hameediyah da ke George Town a Penang tun 1907 yake sayar da abinci, kuma zuriya ce ke miƙa wa zuriya.

Sai kopitiam na Sinawa, gidajen kofi da burodi da taliya. Sai gidajen Indiyawa mabiya Hindu masu zuba shinkafa a kan ganyen ayaba, irin waɗanda suka cika unguwar Brickfields a Kuala Lumpur. Sai rumfunan tomyam, wato romo mai tsami da yaji irin na Tailan, da ke buɗewa da yamma, waɗanda yawancin masu su Malayawan kudancin Tailan ne, Musulmi, daga wajajen Patani.

To ta yaya zan tabbatar abincin halal ne?

Wannan ce uwar tambayoyin, kuma bai kamata a amsa ta da "ai ƙasar Musulmi ce" ba. Musulmi kusan kashi 63 cikin 100 ne na mutanen ƙasar bisa ƙidayar 2020. Sauran akwai mabiya Buddha da Kirista da Hindu, kuma ana sayar da naman alade da giya a fili a wurarensu, babu ɓoye-ɓoye.

Hukumar da ke ba da shaidar halal ita ce JAKIM, tare da hukumomin addini na jihohi. Tambarinsu tauraro ne mai tsini takwas a cikin da'ira, an rubuta halal da Larabci a tsakiya, da sunan Malesiya. Idan ka ga takardar shaidar a manne a bango, hankalinka ya kwanta, domin binciken da ake yi kafin a ba da ita mai tsauri ne: daga ina nama ya zo, wane mai ake amfani da shi, ina ake ajiye kaya. Ana ma iya duba sunan shago a shafinsu na intanet.

Amma ga inda mutane ke kuskure. Neman wannan shaida ba dole ba ne, kuma yana cin kuɗi da lokaci da cike-ciken takardu. Saboda haka ƙananan rumfunan Malayawa da yawa ba su da ita, ba don abincinsu na da shakka ba. Matar da ke sanye da lulluɓi, ga ayoyi a rataye a bango, ga Malayawa cike da teburanta, ba ta buƙatar hatimin hukuma kafin ka ci abincinta. Musulma ce, kuma 'yan ƙasar haka suke ɗauka.

Inda za ka yi taka-tsantsan shi ne shagon da ba na Musulmi ba, wanda ya rubuta cewa babu alade babu kitsen alade. Wannan rubutu gaskiya ne a kan abin da ya faɗa, amma bai ce komai a kan yankan kazar ba, bai ce komai a kan giyar girki da Sinawa ke ɗigawa a wasu miya ba. Ba shaidar halal ba ce. A kopitiam kuwa sau da yawa rumfuna da dama ne a shago ɗaya, cokula da kwanuka a haɗe. Ka riƙe kalmomi biyu: babi shi ne alade, arak ita ce giya. Bak kut teh farfesun haƙarƙarin alade ne, ko da sunan ya ƙare da teh, wato shayi. Char kuey teow na Sinawa, wato soyayyiyar taliya, bisa al'ada da kitsen alade ake soya shi, amma Malayawa na da nasu na halal, mai ɗan romo. Abincin Nyonya na Melaka, wato na zuriyar Sinawan da suka daɗe da cuɗanya da Malayawa, shi ma sau da yawa da alade, sai an tambaya.

Idan ka rasa gane wuri, dubi masu cin abincin. In babu Bamalaye ko ɗaya a ciki a unguwar da Malayawa ke da yawa, akwai dalili. Kuma tambaya ba abin kunya ba ce. Basine mai shago da kansa zai ɗaga maka hannu ya ce nan ba halal ba ne, tun kafin ka zauna. Sun saba, kuma suna girmama hakan.

Na shiga, babu wanda ya tarbe ni, babu takardar jerin abinci. Me zan yi?

Da rana yawancin shagunan Malayawa nasi campur suke yi. Za ka ga doguwar kanta da tire-tire na ƙarfe, wani lokaci ashirin ko fiye: soyayyen kifi da aka shafe da kurkum, kaza a jar miya, naman sa a madarar kwakwa, ƙwai, ganyaye, kabewa, gauta, tarwaɗa. Ka ɗauki faranti, a zuba maka shinkafa ko ka ɗiba daga babbar tukunya, sannan ka bi layi kana ɗora abin da ranka ke so. Romon miya kyauta ne, ka kwarara yadda kake so. Nama da kifi ne ake ƙirgawa.

Daga nan sai lissafi, kuma abin kallo ne. A wani shagon za ka kai farantin gaban uwar gida, ta zura masa ido na ɗan lokaci, wataƙila ta sa cokali ta ɗaga kifin ta ga ko akwai wani abu a ƙarƙashi, sai ta faɗi kuɗi. A wani shagon ka je ka zauna, wani yaro zai zo ya leƙa farantin, ya tambaye ka abin sha, ya rubuta lamba a 'yar takarda ya danne ta da kofi. In ka gama ka kai takardar kanta ka biya. Kada ka fara ci kafin a leƙa, domin in ka cinye kifin ka wahalar da mai lissafi.

A mamak kuwa zama kawai za ka yi, ma'aikaci zai zo. Tebur ba na mutum ɗaya ba ne idan wuri ya cika, kana iya zama kusa da wanda ba ka sani ba bayan ka nemi izini da ɗan murmushi.

Ku je da wuri. Daga ƙarfe 12 zuwa 1 abinci na da zafi, tire a cike. Bayan ƙarfe 2 saura ne.

Me ya kamata baƙo ya fara ci?

Nasi lemak. Shinkafa ce da aka dafa da madarar kwakwa da ganyen pandan mai ƙamshi, a gefenta sambal, wato soyayyen barkono da albasa, da ƙananan busassun kifi da ake kira ikan bilis, da soyayyiyar gyaɗa, da yankan kokwamba, da dafaffen ƙwai. Na safe ana ƙunshe shi a ganyen ayaba da takarda, a jibge a kan tebur, ka ɗauka ka ci, in ka tashi ka faɗi nawa ka ci. Babu mai ƙirga maka. Wannan amana na cikin abubuwan da suka sa nake ƙaunar waɗannan wurare. Idan kana Kuala Lumpur, ka je Kampung Baru, tsohuwar unguwar Malayawa da ke zaune da gidajen katako a ƙarƙashin dogayen benaye, ka ci shi da soyayyiyar kaza mai kayan ƙamshi.

Na biyu roti canai a mamak. Ka tsaya ka kalli mai yinsa: curin fulawa da ya kwana cikin mai, ya danne shi da tafin hannu, ya ɗaga ya wulwula ya maka a kan tebur har ya yi siriri ana hango ƙarfen ta cikinsa, ya ninke, ya ɗora a kasko. In ya soyu sai ya tafa shi tsakanin hannayensa biyu ya farfashe. Ana ci da miyar dal, mai kama da ta wake, ko romon kori na kifi. Da ƙwai a ciki sunansa roti telur. Wannan karin kumallo na nasi lemak da roti canai da shayi, UNESCO ta sa shi a jerin al'adun duniya da ake adanawa a watan Disamba na 2024.

Bayan waɗannan sai rendang, naman da aka dafa a madarar kwakwa da kayan yaji na sa'o'i har ruwan ya ƙone ya kama jikin naman. Sai satay, tsirensu, ƙanana a tsinke, da miyar gyaɗa mai zaƙi da curin shinkafa. Garin Kajang ne ya yi suna a kansa. Mai son romo ya nemi sup kambing na akuya ko sup ekor na wutsiyar sa.

Akwai wani wari da ke tashi idan suna soya miya. Mene ne?

Belacan ne. Ƙananan jatan lande ake cuɗawa da gishiri, a bar su su ruɓa, a shanya, a daka, a yi curi. Aikinsa a tukunyarsu aikin daddawa ne a tamu: ɗanye yana korar baƙo, amma in babu shi miya ba ta da rai. Wanda ya taso da daddawa bai kamata ya toshe hanci a gaban mai belacan ba. A Kelantan da Terengganu akwai budu, ruwan kifi da aka tsima. Akwai kuma tempoyak, wanda ake yi da durian, wani ɗan itace mai ƙarfin wari, da aka bari ya yi tsami. Wannan na ƙarshe ka ba shi lokaci.

Abincinsu da yaji ne sosai?

Mai cin attaruhu ba zai sha wahala ba. Akwai ɗan mitsitsin barkono da suke kira cili padi wanda yake da zafi ƙwarai, amma yawanci a gefe ake ba da shi. Abin da ya fi ba Bahaushe mamaki ba yaji ba ne, zaƙi ne. Suna sa suga a sambal, a miyar kaza, har a wasu miyar kifi, musamman a Kelantan. Da farko harshe na ƙi, daga baya ya saba. Mai olsa ya ce kurang pedas, a rage yaji, ko tak nak pedas, ba ya so sam.

Abin sha fa?

Teh tarik shi ne sarki: baƙin shayi mai ƙarfi da madarar gwangwani mai kauri, a riƙa juya shi daga mazubi zuwa mazubi daga sama har ya yi kumfa. Yana da daɗi, amma sugansa ya wuce misali, kuma ina roƙon duk mai zama na dogon lokaci ya kula. Binciken lafiya na ƙasar na 2019 ya nuna kusan babba ɗaya cikin biyar na da ciwon suga. Ɗalibin da ke zaune gaban kwamfuta yini guda yana shan kofi uku na wannan shayi, da kansa yake wasa.

Kalmomin da za su cece ka kaɗan ne. Kurang manis, a rage zaƙi. Teh o, shayi babu madara. Teh o kosong, babu madara babu suga. Ais, da ƙanƙara. Teh o ais limau shayi ne mai sanyi da lemon tsami, kuma ya dace da zafin ƙasar. Air suam ruwan ɗumi ne, wasu na ba da shi kyauta, wasu na karɓar 'yan sulalla.

Yaya zan kira masu shagon?

Kamar yadda ba za ka ce wa sa'ar mahaifiyarka "ke" daga nesa ba, haka can. Dattijuwa mak cik, dattijo pak cik. Macen da ta ɗan girme ka ko sa'arka kak, namiji abang ko bang, yaro ko yarinya adik. Ka yi hankali kada ka kira matashiya mak cik, ba za ta ji daɗi ba, kak ya fi aminci. A mamak ana ce wa ma'aikaci bos ko anne.

Sallama tana buɗe ƙofa fiye da komai. Ka yi ta cikakkiya, ka ga yadda fuska ke sauyawa. In za ka nuna abinci, da babban yatsan hannun dama ake nunawa, sauran yatsun a dunƙule, ba da manuniya ba. Ka miƙa kuɗi da dama. Namiji kada ya miƙa wa mace hannu, ya ɗora hannu a ƙirji ya wadatar. Malayawa ba sa son ɗaga murya. Mu kuwa in hira ta yi daɗi sai a ɗauka faɗa muke, don haka idan kun zo a ƙungiya ku sassauta. In ka ci ka ƙoshi ka ce sedap, ya yi daɗi, sannan terima kasih. Matar da ta yini a bakin wuta tana jin wannan kalma har zuciya, kuma gobe in ka dawo za ka ga cinyar kazarka ta ƙara girma.

Da hannu ake ci ko da cokali?

Duk biyun. Malayawa da Indiyawa na cin shinkafa da hannun dama, kuma babu wanda zai kalle ka. Akwai famfon wanke hannu a gefe, a wasu wuraren kuma za ka ga wata 'yar buta a kan tebur tana zaune bisa mazubi mai ramuka. Ta wanke hannu ce, ba ta sha ba. Mai son cokali zai samu cokali da mai yatsu, babu wuƙa. Idan aka kawo su a kofin ruwan zafi, don tsafta ne.

Nawa zan kashe, kuma ana ba da tukuici?

Kuɗinsu ringgit ne. Roti canai ɗaya da shayi ba sa wuce 'yan ringgit kaɗan. Farantin nasi campur da kaza da ganye a Kuala Lumpur yakan kama wajen ringgit 10, ƙasa ko sama kaɗan, a ƙananan garuruwa ya fi sauƙi. Abin da ke tayar da lissafi naman ruwa ne: manyan jatan lande, sotong (wata dabbar teku mai hannuwa da yawa), kan kifi. A gidan nasi kandar musamman, wato shinkafa da romon kori ta Indiyawa Musulmi, ka tambayi kuɗinsu kafin a ɗora maka. A 2023 gwamnati ta fito da shirin Menu Rahmah na faranti a ringgit 5, kuma wasu shaguna sun shiga.

Ba a tukuici, ba a kuma ciniki a kan dafaffen abinci. Manyan gidaje kan ƙara kashi 10 na hidima da kashi 6 na haraji a rasit, amma ƙananan rumfuna abin da aka faɗa shi ke nan. Ana biya da tsabar kuɗi ko ta waya, da DuitNow ko Touch 'n Go. Katin banki na waje ba ya aiki a yawancin rumfuna, ka riƙe canji. In kana son a ƙunsa maka ka tafi da shi, ka ce bungkus.

Idan Bamalaye ya ce zai belanja, yana nufin shi zai biya. Ka karɓa da godiya, wata rana ka rama.

Akwai tsafta?

Gaba ɗaya akwai, amma ido naka ne. Hukumomin gari na duba shaguna su manna musu daraja ta A ko B ko C a ƙofa. Doka ta wajabta wa masu taɓa abinci allurar taifot da horon tsafta. Tun 1 ga Janairun 2019 an hana shan taba a wuraren cin abinci, har na fili, sai mutum ya matsa mita 3. Shagon da ke da layi ya fi aminci, domin abincinsa ba ya daɗewa. Abincin da aka yi da madarar kwakwa saurin lalacewa gare shi a wannan zafi, don haka ƙunshin safe kada ya kai dare.

Wanda jikinsa ba ya karɓar gyaɗa ko jatan lande ya yi hattara ƙwarai, domin suna ɓuya a cikin sambal da miya inda ido ba ya gani. Ya sa a rubuta masa bayanin da yaren Malay a waya ya riƙa nunawa.

Mu Malikawa ne, su Shafi'awa. Akwai abin da ya bambanta a abinci?

Babu abin da zai hana ka ci. A mazhabar Malik naman ruwa halal ne gaba ɗayansa, saboda haka jatan lande da ƙaguwa da sotong da ka gani a tire ba matsalar shari'a ba ce, sai dai ta sabo. Mutumin da ya taso nesa da teku yakan ji ƙyama da farko. Ka fara da gasasshen kifi a ganyen ayaba, ikan bakar, daga nan sauran za su zo. Yawancin wurare na da surau, ɗan ɗakin salla, ko masallaci a kusa.

Zan samu abin da ya yi kama da na gida?

Tuwo da miyar kuka kam sai ka tuƙa da kanka, ko ka nemi gidajen abincin 'yan Afirka da ke wasu unguwannin Kuala Lumpur. Amma za ka yi ta cin karo da 'yan uwa a faranti: kuɓewa, wadda suke kira bendi, tana kusan kowane farantin nasi kandar. Tsamiya ce ke ba miyar kifinsu tsami. Indiyawa na sa 'ya'yan zogale a miya. Akwai rogo, dankali, gyaɗa, tarwaɗa, soyayyiyar ayaba da yamma.

Man girkinsu ma daga kwakwar manja yake, sai dai an tace shi ya zama fari. Itacen asalinsa na Afirka ta Yamma ne. A gida ana yawan cewa daga Najeriya suka karɓi irin bayan samun 'yancin kai, amma gonar kasuwanci ta farko a can tun 1917 aka kafa ta a Tennamaram cikin jihar Selangor. Yau su ne na biyu a duniya bayan Indonesiya.

Yaya suke karɓar baƙar fata?

Gaskiya ɗaya ce: za a kalle ka, musamman a ƙauye. Akwai kuma waɗanda ke ɗauke da mummunan zato game da 'yan Afirka, saboda labaran damfara da ƙwaya da jaridu suka daɗe suna yayatawa. Wani lokaci za ka ji sanyi-sanyi a tarba, kuma yana da ciwo ga mutumin da ya zo da mutuncinsa.

Abin da na gani shi ne ƙaramin shagon iyali ya fi ko'ina saurin narkar da wannan. A babban kanti kai baƙo ne kullum. A rumfar mak cik kuwa, zuwa na farko kallo, na gaba tambaya: daga ina, me kake karantawa, kana da iyali? In pak cik ya gan ka a sahun Magariba, magana ta ƙare. Watarana za ka zo ka tarar an san shayinka ba sai ka faɗa ba, in ka yi kwana biyu ba ka zo ba a tambaye ka ko lafiya. Shi ya sa nake ba kowane sabon zuwa shawara ya zaɓi shago ɗaya kusa da gida ya riƙe shi. Kuma ya tuna cewa yadda ya yi mu'amala, da shi za a auna wanda zai zo bayansa.

Zan iya zuwa da maiɗakina da yara?

Sosai. Wuraren iyali ne, mata na zuwa su kaɗai ko a ƙungiya, mai hijabi ko niƙabi ba baƙuwa ba ce. Yara kan so nasi ayam, shinkafa da kaza marar yaji, ko roti da madara, ko cendol, ƙanƙara da madarar kwakwa da sugan itacen kwakwa da ake kira gula melaka. In wurin na zaman ƙasa ne a kan dandamali, a cire takalmi.

Abincin ko'ina iri ɗaya ne?

A'a, kuma wanda ya tsaya a Kuala Lumpur kaɗai ya yi asara. Penang gidan nasi kandar ne, inda ake haɗa romon kori kala-kala a kan shinkafa har ta nutse, in kana son haka ka ce banjir. Can ne kuma ake asam laksa, taliya a romon kifi mai tsami. Kelantan na da nasi kerabu, shinkafa shuɗiya da aka rina da furen telang, a ci da ɗanyun ganyaye da budu. Terengganu na da nasi dagang da miyar kifi, da keropok lekor na kifi da garin sago. Negeri Sembilan, inda zuriyar Minangkabau suke, su ne masu masak lemak cili api, miyar madarar kwakwa da kurkum mai zafin gaske. Sarawak a tsibirin Borneo na da tata laksar daban. Ɗaliban Sintok da ke kusa da iyakar Tailan za su ji tsami da yajin can sun shigo tukunyar Kedah.

Yaushe suke rufewa? Azumi da Salla fa?

Rumfar iyali ba ta da agogon kamfani. Mai nasi lemak na iya tashi kafin hantsi in kayanta sun ƙare. Da yawa na da ranar hutu ɗaya a mako, kuma in ana biki a dangi za ka tarar da takarda a ƙofa. Ranar Juma'a shagunan Musulmi da dama na dakatawa lokacin salla. A Kedah da Kelantan da Terengganu, Juma'a da Asabar ne hutun mako.

Da azumi shagunan Malayawa na rufe da rana, kuma dokokin addini na jihohi sun hana Musulmi ci a fili ko a sayar masa da abincin da zai ci nan take. Matafiyi ko marar lafiya ya sayi ƙunshi ya ci a ɗaki. Da la'asar kuwa iyalan nan ne ke fitowa bazar Ramadan, titi guda cike da rumfuna: murtabak, wato roti mai nama da ƙwai a ciki, gasasshiyar kaza, kayan zaƙi na kuih kala-kala, ruwan rake. Masallatai na raba bubur lambuk, faten shinkafa da nama da kayan ƙamshi, kuma na Masallacin Kampung Baru ya yi suna. Bayan tarawihi akwai ɗan abin taɓawa da suke kira moreh.

Da Ƙaramar Salla, wato Hari Raya, masu shaguna na komawa ƙauyukansu, balik kampung, kuma rumfarka na iya yin mako a rufe. Ka tanadi kayan girki tun ana saura kwana biyu, ka kuma san wane mamak ne a unguwarku ke buɗewa. Idan aka gayyace ka rumah terbuka, wato gidan da aka buɗe wa kowa don cin abincin Salla, kada ka ƙi. Ka sa babbar rigarka ko kaftaninka da hula, suna son ganinsu, ka cire takalmi a ƙofa, ka gaida manya tukuna. Za a ba ka rendang da ketupat, curin shinkafa a saƙaƙƙen ganye, da lemang, shinkafa mai danƙo da aka dafa a cikin gora. Ana ci gaba da irin wannan gayyata kusan duk watan Shawwal, don haka kada ka cika ciki a gida na farko, wataƙila akwai biyu a gabanka a ranar.